Ba Kowace Fashewar Roka Ba Ce Darasi

Da misalin ƙarfe 11 na daren 18 ga Yunin 2025, agogon Teksas, kumbon Starship mai lamba 36 na kamfanin SpaceX ya tarwatse a filin gwaji na Massey, 'yar tafiya kaɗan daga Starbase, sansanin da kamfanin ke harba rokokinsa. Bai tashi ba, ko injinansa ma ba a kai ga kunnawa ba. Ana cikin ɗura masa mai ne don a gwada injina shidan da ke gindinsa, sai wuta ta ɓarke daga can samansa, kafin ƙiftawar ido dare ya koma rana. Duk mai bibiyar labarai ya ga bidiyon. Mai kamfanin, Elon Musk, ya shiga shafinsa na X ya rubuta wai ɗan ƙwarzane ne kawai. Magoya bayansa suka karɓe da tafi da shewa, har da wasu matasanmu na nan gida da suka haddace karatun: kowace fashewa darasi ce, mai saurin faɗuwa shi ne mai saurin koyo. Ba a cika wata biyu ba, ranar 13 ga Agusta, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ce a rage ko a gaggauta binciken muhallin da ake yi kafin a ba kamfanoni lasisin harba roka. A nan ne abin ya ishe ni, domin karatun ya tashi daga bakin 'yan kallo ya shiga ofishin masu tsara doka.

Masu cewa a bar harkar gaba ɗaya, wai ƙona dukiya ce alhali duniya na fama da yunwa, ba zan tsaya a kansu ba, tunda hasashen damina da taswirar da ke cikin wayarsu duk a bayan roka suka hau sama. Rigimata da masu tafi ce, domin su ne suke zubar da mutuncin gwaji alhali suna ganin kare shi suke yi.

Ga yadda abin yake. Ana tsayar da roka a kan dandali, a danƙe gindinta da manyan ƙarafa, a kwashe kowa daga wurin. Sai a fara ɗura ruwan oksijin, wanda sanyinsa ya kai digiri 183 ƙasa da sifiri, da ruwan iskar metan mai digiri 162 ƙasa da sifiri, har jikin ƙarfen ya yi fari fat da ƙanƙara, farin tururi yana kwarara ta gefe. Daf da kunnawa, a yawancin dandali, ana sakin ruwa mai yawan gaske a ƙarƙashi saboda zafi da kuma ƙara, don ƙarar kaɗai in ta daki ƙasa ta dawo tana iya illata rokar. A kunna, a bar wutar ta ci na 'yan daƙiƙu, a kashe. Injiniyoyi suna can nesa gaban kwamfuta suna karanta abin da ɗaruruwan na'urorin awo suka aiko: matsin mai a kowane bututu, zafin kowane famfo, girgizar kowane inji. Burin shi ne a kashe injin lafiya, a duba shi, a ga inda ya tsage da inda ya ƙone da bawul ɗin da ya yi jinkirin buɗewa. Injin da ya zama toka kaɗan ne daga cikin waɗannan amsoshi yake iya bayarwa.

Babu mai hankalin da zai ce a daina wannan gwaji. Tarayyar Sobiyet ta ɗanɗana kuɗarta da rokar N1, wadda ta ƙera don kai mutum duniyar wata. Injina 30 ne a matakinta na farko, kuma ba a taɓa kunna su tare a ƙasa ba, saboda ba a gina dandalin da zai iya ɗaukar wannan aiki ba. Ko injinan ma ɗai-ɗai, samfuri ake tsama daga kowane rukuni a gwada, waɗanda za su tashi kuwa sai ranar harbawa suke fara ganin wuta. Sau huɗu aka harba ta tsakanin 1969 da 1972, sau huɗu ta faɗi. Ta ranar 3 ga Yulin 1969 ma a kan dandalinta na Baikonur ta faɗo ta rushe shi, saura kusan mako biyu Apollo 11, kumbon Amurka da ya fara sauke mutum a duniyar wata, ya tashi. Amurkawa kuwa sun yi wa injin F-1 na rokar Saturn V gwaji kusan 2,000 don magance wata muguwar girgizar wuta da ke tarwatsa shi. Har ƙananan bama-bamai suke tayarwa a cikin injin yana tsaka da aiki, su ga ko wutar za ta daidaita kanta. Wato tun shekara sittin da suka wuce an san darajar gwaji, ba a Teksas aka ƙirƙiro ta ba. Bambancin shi ne waɗancan mutanen da gangan suke tsokanar injin, da tambaya a hannunsu, kuma sun san amsar da suke nema.

To, wace tambaya aka yi wa kumbo na 36 har ya amsa da fashewa? Babu. Binciken kamfanin ya nuna wata tukunyar iskar naitirojin ce, irin wadda ake naɗe wa zaren kabon don ta jure matsi, ta fashe a matsin da bai kai wanda aka tabbatar tana ɗauka ba. Ba tukunyar ake gwadawa ba a wannan dare. Ta lalace ne a wani wuri tsakanin masana'anta da dandali ba tare da an gano ba, ta ci kumbon, ta ci filin gwajin da kansa, har sai da kamfanin ya koma yin dabara a dandalin harbawa kafin ya iya gwada kumbo na gaba. Kuma wannan ya zo ne bayan Starship ya wargaje a sama a watan Janairu, ya sake a Maris, ya ƙwace daga hannun masu sarrafa shi a Mayu. Za a ce ai ga shi ya tashi lafiya a ƙarshen Agusta. Ya tashi, bayan an rage wa tukwanen matsi an kuma ƙara musu dubawa, aikin da babu abin da ya hana a yi shi kafin wuta ta tilasta.

Irin wannan tukunya ba yau ta fara ba, kuma karon da ya fi yi mana zafi mu 'yan Afirka shi ne na 1 ga Satumban 2016. Rannan rokar Falcon 9 ta SpaceX na tsaye a dandali na 40 a Cape Canaveral ta jihar Fulorida, ana ɗura mata mai don gwajin inji, saura kwana biyu a harba ta. Wata tukunyar iskar hiliyam da ke nutse cikin tankin ruwan oksijin ta fashe, rokar ta kama da wuta. A samanta akwai tauraron ɗan'adam na AMOS-6, mallakar kamfanin Spacecom na Isra'ila, wanda kuɗinsa ya kai kusan dala miliyan 200. Facebook da kamfanin taurarin ɗan'adam na Eutelsat sun riga sun yi hayar wani ɓangarensa don kai intanet ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Mai Facebook, Mark Zuckerberg, yana nahiyar a lokacin, ya baro Legas ya isa Nairobi, washegari kuma ya komo Abuja ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari. Daga nan Afirka ya rubuta takaicinsa. Me tauraron yake yi a saman rokar da ake gwadawa? An ɗora shi tun da wuri ne don a rage lokacin shiri. Hausawa na cewa wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, kuma da rumbun Musk kaɗai ke ƙonewa da ban ce uffan ba. A wannan rana hatsin wani ne a ciki. Bayan haka kamfanin ya daina ɗora kayan abokan ciniki a lokacin gwaji, dandalin kuma bai sake aiki ba sai Disamban 2017. Babu wani sirrin kimiyya a batun ɗora tauraron. Duk wanda aka tambaya kafin ranar zai iya cewa kada a ɗora.

Akwai fashewar da ta cancanci sunan darasi, kuma adalci ne a faɗe ta. Ranar 20 ga Afrilun 2019 kumbon Crew Dragon na SpaceX, wanda wata guda kafin nan ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ya dawo ba kowa a ciki, ya tarwatse a Fulorida ana shirin kunna injinansa takwas na gudun tsira, waɗanda aikinsu shi ne su fizge 'yan sama jannati daga roka idan ta samu matsala. Bincike ya gano cewa wani ɗan sinadarin mai ya yoyo ta bawul ya shiga bututun hiliyam. Da aka saki matsi sai ya taho da gudu ya daki wani bawul na ƙarfen taitaniyam, ƙarfen da kansa ya kama da wuta. Abu ne da injiniyoyi ba su zata ba, kuma a daidai tsarin da ake gwadawa ya bayyana. Aka cire bawul ɗin aka sa wani faifai mai fashewa sau ɗaya, aka sake gwajin a Nuwamba, aka gwada gudun tsira a sama a Janairun 2020, sannan ranar 30 ga Mayu Bob Behnken da Doug Hurley suka hau. Wannan gwaji ya ceci rayuka. Amma a tuna yadda labarin ya fito: mutanen da ke bakin teku ne suka hango jan hayaƙi, wani bidiyo ya ɓulla ta bayan fage, kamfanin kuwa sai da aka yi kusan mako biyu kafin ya furta cewa kumbon ya hallaka. Abin da ya sa aka bi diddigin maganar har ƙarshe shi ne NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ita ce mai sayen kujerun, mutanenta ne za su hau, kuma tana da ikon cewa ba ta yarda ba.

Sai kuma gwajin da aka yi shi rabi da rabi, wanda a ganina ya fi rashin gwaji hatsari, saboda yana ba mutum kwanciyar hankalin ƙarya. A watan Fabrairun 2023 SpaceX ta kunna injina 31 daga cikin 33 na babbar rokar Starship, da ƙarfin da bai kai rabin na ranar tashi ba. Kankaren da ke ƙarƙashi ya jure, sai aka ɗauka zai jure harbawa. Ranar 20 ga Afrilu, ranar harbawa, aka buɗe wuta sosai, injinan suka haƙa rami a ƙarƙashin dandalin, manyan ɓaraguzan kankare suka watsu cikin filin da ke maƙwabtaka da gandun namun daji, ƙura ta sauka a kan motoci da gidajen garin Port Isabel mai nisan kusan kilomita 10. Musk da kansa ya rubuta cewa sun fara ƙera farantin ƙarfe mai sanyaya da ruwa, bai kammala ba, sai suka yi kuskuren dogaro da sakamakon wancan gwaji. Tun a 2020 ma ya taɓa cewa ƙin gina hanyar karkatar da wuta a wurin yana iya zama kuskure. An sani, an ci gaba. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta lissafa gyare-gyare 63 kafin a sake harbawa.

Kada a ce SpaceX na sa wa ido. Boeing, tsohon hannu a harkar, ya harba Butch Wilmore da Suni Williams a kumbon Starliner ranar 5 ga Yunin 2024 don tafiyar kusan kwana takwas. Suna tunkarar tashar sararin samaniya biyar daga cikin ƙananan injina 28 masu juya kumbon suka ɗauke. Sai a lokacin, mutane na can sama, aka ɗauki irin injin aka kai filin White Sands aka yi masa gwajin da ya kwaikwayi ainihin wahalar tafiyar, aka ga zafi yana kumbura wata 'yar roba a cikin bawul tana toshe hanyar mai. Injinan a cikin wasu akwatuna suke a jikin kumbon, zafi na taruwa a ciki, kuma ba a gwada su yadda ya kamata a wannan yanayi ba kafin a ɗora mutane. Kumbon ya dawo fanko a Satumba, su kuma sai 18 ga Maris ɗin 2025 suka sauko a kumbon abokin hamayya, SpaceX, bayan fiye da wata tara.

Abin da masu tafi ba sa son a ambata shi ne mutanen da ke tsaye a ƙasa. Ranar 26 ga Yulin 2007, a filin Mojave na Kalifoniya, ma'aikatan Scaled Composites suna gwajin tura iskar nan da likitocin haƙori ke amfani da ita ta cikin bututun injin da ake ƙera wa Virgin Galactic don yawon buɗe ido a sararin samaniya. Ko wuta ba a kunna ba. Tankin ya fashe, mutum uku suka mutu, uku suka ji munanan raunuka, kuma tarar da hukumar kare ma'aikata ta jihar ta ci kamfanin ba ta kai dala 30,000 ba. Bayan fashewar Massey kuwa, ɓaraguzai sun tsallaka kogin Rio Grande sun faɗa ƙasar Meksiko, har shugabar ƙasar, Claudia Sheinbaum, ta ce gwamnatinta na duba yiwuwar shigar da ƙara. Manomin da ke wancan gefen kogi ba ya da hannun jari a kamfanin, ba a nemi izininsa ba, kuma ba zai taɓa zuwa duniyar Mars ba.

Hujjar da ake fakewa da ita a Washington ita ce in aka tsananta doka Sin za ta sha gaban Amurka. Wanda ke son ganin inda wannan tsere ke kaiwa ya dubi Gongyi a lardin Henan, inda ranar 30 ga Yunin 2024 kamfanin Space Pioneer yake gwajin injina tara na rokar Tianlong-3, ƙarafan da ke riƙe da ita suka saki, rokar da ba a yi niyyar harbawa ba ta tashi sama ta faɗo a kan tsauni mai nisan kilomita ɗaya da rabi, mutanen gari suna ɗauka da wayoyinsu. Allah ne kawai ya kiyaye, ba tsari ba.

Tushen matsalar a doka yake. FAA lasisin harbawa da na dawowa take bayarwa. Gwajin da kamfani ya yi a filinsa, nesa da ranar tashi, galibi ba ya shiga wannan hurumi, don haka kamfanin ne ke binciken kansa, shi ke zaɓar abin da zai faɗa da lokacin da zai faɗa. Game da lafiyar fasinja kuwa abin ya fi muni. Tun 2004 majalisar dokokin Amurka ta hana FAA kafa ƙa'idojin kare waɗanda ke cikin kumbon kasuwanci, da sunan a ba masana'antar lokacin koyo. Shekara takwas aka ɗiba da farko. An yi ta ƙara wa'adin, yanzu ya kai 1 ga Janairun 2028. Abin da ake buƙata daga fasinja shi ne a gaya masa akwai hatsari, ya sa hannu. Ta yaya mutumin da ba a nuna masa takardun gwajin injin ba, wanda ko an nuna masa ba zai iya karantawa ba, za a ce ya amince da saninsa? Fiye da shekara ashirin ana koyo, ana karɓar kuɗin tikiti, ba a yarda a zauna jarrabawa ba. Wannan rainin hankali ne, kuma duk ɗan majalisar da ya sake ɗaga hannu a ƙara wa'adin ya san wa yake yi wa aiki.

Magani ba wani mai wuya ba ne. A bar wa'adin nan ya mutu a 2028. Duk injin da zai ɗauki ɗan'adam, wani wanda ba ya cin albashin kamfanin ya ga takardun gwajinsa. Duk fashewar da ta faru a filin gwaji a wallafa rahotonta kamar yadda ake yi wa hatsarin jirgin sama, a kuma nisanta filayen daga garuruwan mutane.

Mu ma maganar ta fara shafar mu kai tsaye. Kwana goma sha ɗaya bayan fashewar Massey, ranar 29 ga Yunin 2025, lauya Owolabi Salis ya hau rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin, aka yi ta murnar ɗan Najeriya ya leƙa sararin samaniya. Tun a Yunin 2024 hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta ƙulla yarjejeniya da wata cibiya mai suna SERA don a ba wani ɗan ƙasa kujera a irin wannan roka. Wata roka ce irin wannan da ranar 12 ga Satumban 2022 bakin injinta ya tsage minti ɗaya da tashi. Babu mutum a ciki rannan, kumbon ya fizge kansa ya sauka da lema, rokar ta faɗi. Binciken ya nuna an yi wa tsarin sanyaya injin sauyi, zafin da ke dukan bakin ya zarce yadda aka yi zato, kuma sai bayan hatsarin gwajin ƙasa ya tabbatar da haka. FAA ta sa kamfanin gyare-gyare 21, ya shafe fiye da shekara bai sake tashi ba. Ba na cewa kada ɗan Najeriya ya hau. Ina cewa hukumar da za ta sa sunan ƙasa a kan wannan kujera tana da cibiyar nazarin injinan roka a Epe ta jihar Legas, da injiniyoyin da ake biya albashi don su san wannan aiki. Ta nemi takardun gwajin injin da zai ɗauki ɗanmu, ta ba su su karanta, su rubuta ra'ayinsu, kafin a sa ranar biki.